Amsa ga ɗana a Jidda kan Kwalejin Gurdun da Jami'ar Khartum

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, na ƙi amsawa da wuri ne don tambayar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce: "Kawu, ni a Jidda aka haife ni, Sudan sau biyu kacal na taɓa zuwa, amma kullum in tsofaffinmu suka zauna hira bayan isha'i sai in ji ana Kulliya kaza, Gurdun kaza, jamila wa mustahila. Wai shin Kwalejin Gurdun ita ce Jami'ar Khartum ko daban suke? Me ya sa waɗanda suka yi ta suke ji da ita haka kamar ba wata makaranta a duniya? Kuma mu Hausawa muna da rabo a cikinta kuwa, tunda ina tunanin nema?"

Toh, ka zo gidan. Na shige ta a 1981 a Kwalejin Adab sashen tarihi, bayan na gama na yi shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, kuma tarihin ilimin boko a Sudan shine abin da na yi bincike a kai a digirina na biyu, har yaƙin Sudan na 2023 ya koro mu nan wajenku.

Tambayarka ta farko, Kwalejin Gurdun da Jami'ar Khartum abu ɗaya ne, suna ne ya yi ta sauyawa. Kwalejin Tunawa da Gurdun a 1902, Kwalejin Jami'a ta Khartum a 1951, Jami'ar Khartum a 1956. Amma in na tsaya nan ban gaya maka komai ba.

Shi wannan Gurdun, wato Janar Godon, Bature ne ɗan Ingila da ke riƙe da Khartum lokacin da Ansar na Imam Mahdi suka ci garin, aka kashe shi a fada ranar 26 ga Janairun 1885. Turawa ba su taɓa haɗiye wannan abin ba. Bayan shekara 13 wani janar ɗin Ingila, Kichina, ya dawo da rundunar Ingila da Masar, da bindigogi masu aman wuta da jiragen ruwa na yaƙi, aka gwabza a Karari bayan Umdurman ranar 2 ga Satumban 1898, kafin azahar an kashe Ansar wajen dubu goma. Jinin bai gama bushewa ba Kichina ya koma Ingila ya roƙi jama'a su tara fam 100,000 a gina makaranta da sunan Gurdun, cikin 'yan makonni aka tara fiye da abin da ya nema. Aka fara gini a 1899, shi da kansa ya dawo ya buɗe ta ranar 8 ga Nuwamban 1902. Kaga kenan tun daga sunan ma akwai ciwo a ciki, mutumin da ya kashe iyaye ya harbi ƙubbar Mahdi da igwa shine ya gina wa 'ya'yan makaranta ya sa mata sunan wanda iyayen suka kashe. Duk wanda zai ba ka labarin Kulliya, wato kwalejin, ya tsallake wannan, bai yi maka adalci ba. Gumakan Gurdun a kan raƙumi da Kichina a kan doki sun tsaya a Khartum har bayan 'yancin kai, sai a 1958 aka sauke su aka mai da su Ingila.

Ginin kuwa dole in tsaya a kansa, sabida shine abin da ke fara zuwa zuciyar duk wanda ya yi makarantar. Jan bulo ne, hawa biyu, da baranda mai bakan gizo a jere sama da ƙasa, yana fuskantar Bahar Azrak wato Shuɗin Nilu, gefe guda kuma ga gadar ƙarfe da ke tsallakawa Bahri. Mai zanen gine-ginen Khidiwi, sarkin Masar na lokacin, ne ya zana shi, ana ce masa Fabrishiyas. Bangon yana da kauri, rufin yana da tsawo, a watan Mayu da rana ke dafa Khartum in ka shiga barandar nan sai ka ji sanyi ya bugo ka kamar ka leƙa cikin randa. A zamaninmu ginin ya zama babban ɗakin karatu. Ina iya tuna ƙamshin tsofaffin takardu da ƙarar fanka a sama, da yadda matakalar ta lotsa a tsakiya don yawan ƙafafun da suka taka ta.

Amma kar ka ɗauka jami'a aka buɗe a 1902. Firamare ce fa, da sashen koyon sana'a, da ajin horar da malamai da alƙalai, daga baya aka ƙara ajin masu awon ƙasa da injiniyoyi. Shugabanta na farko Jems Kari, wanda kuma shine daraktan ilimi na ƙasar, bai ɓoye manufarsa ba: yana son 'yan masu sana'ar hannu, da ɗan ilimin da zai sa talaka ya gane yadda gwamnati ke aiki, da 'yan ƙananan akawuna da za su maye gurbin Misirawa da Shamawa masu tsadar albashi. Iyakar abin kenan. Ba a so su yi yawa kuma ba a so su yi zurfi. Ɗalibai kashi biyu ne, akwai mashayikh masu jubba da rawani waɗanda za su zama alƙalan shari'a da malaman Larabci, akwai afandiyya waɗanda za su shiga ofis. Horo irin na bariki, layi da safe, ƙwallo da motsa jiki dole, bulala ga wanda ya saɓa. Mafi yawa 'ya'yan manyan gidajen bakin kogi ne na arewa da tsakiya, ɗan Kudu da ɗan Darfur da ɗan dutsen Nuba ba su da wuri sosai a ciki, wannan rashin daidaito kuma Sudan tana biyan bashinsa har gobe. Abu ɗaya na ilimi mai zurfi da ke cikin ginin tun farko shine ɗakin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da attajirin magunguna Henri Welkom ya ba da, Dakta Andru Balfo ya shugabance shi, su suka yi yaƙi da sauro a Khartum, har da ɗakin gwaji na kan jirgin ruwa suna bin kogi da shi.

Sai kaikayi ya koma kan masheƙiya. Yaran da aka koya wa karatu don su kwafe wasiƙun Bature suka fara karanta jaridun Masar. A 1918 suka buɗe Kulob ɗin Waɗanda Suka Sauke Karatu a Umdurman, Nadil Khirrijin. A 1924 aka yi boren ƙungiyar Farar Tuta ta su Ali Abdullaɗif, a ƙarshen shekarar aka harbe Gwamna Janar Li Stak a Alƙahira, Turawa suka kori malamai Misirawa suka ƙara matse kwalejin. A wannan shekarar dai aka buɗe Makarantar Likitanci ta Kichina, kwalejin kuma ta koma sakandare zalla. Wanda na fi so in ba ɗalibaina labari shine yajin 1931. Tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnati ta ce albashin farko na wanda ya gama Gurdun zai sauko daga fam 8 zuwa fam 5 da rabi, alhali ba a taɓa na Turawa haka ba. Yara suka ƙi shiga aji, aka yi ta lallashi har Sayyid Abdurrahman ɗan Mahdi ya sa baki, daga ƙarshe aka tsaya a fam 6 da rabi. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma ranar ce ɗaliban suka gane in sun haɗa kai gwamnati tana ja da baya, kuma wannan darasin bai sake fita daga harabar ba. A 1938 aka kafa Mu'utamar al-Khirrijin, wato Babban Taron Waɗanda Suka Sauke Karatu, Isma'il al-Azhari wanda ya yi kwalejin kuma ya koyar da lissafi a cikinta ya zama sakatare, a 1942 suka miƙa wa gwamnati takardar neman 'yancin zaɓar makoma, shi Azharin ne kuma ya ɗaga tutar Sudan ranar 1 ga Janairun 1956 tare da Muhammad Ahmad Mahjub, shi ma ɗan kwalejin.

Yadda ta zama jami'a ba sai na ja ba. Daga 1936 aka fara buɗe manyan makarantu ɗaya bayan ɗaya, shari'a, noma, likitancin dabbobi, kimiyya, injiniya, adabi. A tsakiyar shekarun 1940 aka haɗe su ƙarƙashin sunan Gurdun, aka kwashe 'yan sakandare zuwa Wadi Sayyidna da Hantub, aka ƙulla alaƙa da Jami'ar Landan ta riƙa ba da digirin. 1951 aka haɗa da makarantar likitanci. Ranar 24 ga Yulin 1956 ta tsaya da ƙafarta. Nasr al-Haj Ali ne ɗan Sudan na farko da ya shugabance ta. Mata ma sun fara shiga tun shekarun 1940, Dakta Khalida Zahir ta fito likita a 1952, ka gaya wa ƙannenka mata wannan. Takenta kalma huɗu ne: Allah, gaskiya, ƙasa, 'yan'adamtaka.

Yanzu zancen namu. Ka lura da shekarun nan biyu: an buɗe Kulliya a 1902, an yi yaƙin Burmi a 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Mutanenmu da suka tsira suka yi gabas da ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno har suka zauna a bakin Bahar Azrak kusa da Sinnar, garin da ake kira Mayirno yau. Wasu kuma alhazai ne masu tafiyar ƙasa, shekara biyar shekara goma a hanya, ana noma ana tara guzuri, da yawa suka zauna a Gadarif da Kasala da Jazira da Nyala. Toh mutumin da ya baro gidansa da gonarsa don gudun Nasara, ta yaya za ka ce ya ɗauki ɗansa ya kai makarantar da Nasara ya gina da sunan janar ɗinsa? Iyayenmu allo suka riƙe, da noma, da tsinkar auduga a Jazira bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Ban taɓa ganin laifinsu ba, sun tsare mana addini da harshe, amma mun biya farashi mai tsada, domin lokacin da ake rabon kujerun gwamnati ba mu da kowa a ɗakin. Ga kuma matsalar jinsiyya. Dokar 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shine wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamban 1897, kaga mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru kaɗan, daga baya ne aka sassauta. Ni kaina sai da mahaifina ya yi ta safa da marwa zuwa wani ofishi da dattawa biyu masu shaida kafin takardata ta fito, kuma ba takarda ba shiga jami'a.

Abin da zai ba ka mamaki shine ta can ɓangaren Najeriya alaƙar ta fi tsufa. Ɗan Hausa, Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, sai da ya zo Sudan ya duba tsarin Gurdun tukuna. Da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, shehunai aka ɗauko daga Sudan irin su Shehu Bashir ar-Rayyah. Marigayi Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht ar-Ruda, cibiyar horar da malamai ta Sudan, a tsakiyar shekarun 1950. Alƙalin alƙalan Sudan Muhammad Ahmad Abu Rannat, ɗan Gurdun, shine ya shugabanci kwamitin masana shari'a na 1958 da ya share fagen kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda aka ɗora a kan na Sudan. Sai babbansu, Farfesa Abdullahi aɗ-Ɗayyib, wanda ya riƙe Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano tana jaririya a tsakiyar shekarun 1960, daga baya ya shugabanci Jami'ar Khartum. Kakarka ba ta san jami'a ba amma ta san muryarsa, don tafsirinsa a Rediyon Umdurman da Larabcin gida yake yi, ita ma tana ganewa.

Ranar da sunana ya fito, mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi shiru ya daɗe, sannan yace in riƙe salla in kuma riƙe izu goman da nake da su kar su zube. Mahaifiyarka tana ƙarama lokacin, ita ta taya Inna suyar ƙuliƙuli da aka cika min gwangwani da shi. Na hau jirgin ƙasa daga Sinnar da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Aka ba ni gado a Barakis, tsohon barikin sojan Ingila da aka mayar dakhiliyya, wato wurin kwanan ɗalibai, gidajen kwanan da yawansu sunan koguna suke ɗauke da shi, Sobat, Atbara, Dindir, Rahad. Ɗana ka saurara da kyau, nan ne ainihin amsar tambayarka ta biyu. Ba a karɓi ko sisi a hannuna ba. Gado kyauta, abinci sau uku kyauta a sufra, wato ɗakin cin abinci, waken ful da ƙwai da madara da safe, miya da nama da rana, waken adas ko wani abin da dare, ana wanke maka kaya, in hutu ya zo a ba ka tasrih, takardar hawa jirgin ƙasa kyauta, ka je gida ka dawo, in gidanku ba hali kuma akwai ɗan kuɗin aljihu. A ɗakinmu akwai ɗan wani babban ɗan kasuwa na Umdurman, akwai ɗan makiyayi daga Kordofan, akwai Bajanube Kirista, ga ni ɗan malamin allo daga ƙauye, faranti ɗaya muke sa hannu, kuma da daddare wanda ya fi gane darasi shine babba ko ɗan waye shi. A duk faɗin Sudan ta wancan lokacin ban san wani wuri da ake yin haka ba.

A satina na farko a sufra wani dattijo cikin masu raba abinci ya ji an kira cikakken sunana, ya dube ni ya sake dubana, da na zo gabansa da faranti sai ya sunkuyo ƙasa-ƙasa yace "yaro, mutumin ina ne?" Da Hausa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kwana bakwai ban ji Hausa ba. Na gaya masa garinmu. Yace shi a unguwar Ishash yake zaune, ya fi shekara ashirin yana wannan aikin, kuma namu da ya gani sun zauna a kan teburin nan a matsayin ɗalibai bai cika yatsun hannunsa biyu da su ba. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. Daga ranar duk juma'a sai ya zo min da godogodo a ƙwarya daga gidansa, yana cewa in yi karatu kar in ba su kunya. Har na gama ban taɓa shiga jarrabawa ban tuna fuskarsa ba.

Sabon ɗalibi sunansa barlum, mace barluma, jam'i baralma, daga kalmar Turanci ta shekarar share fage aka lanƙwaso ta. Manya kuma sanayir. Ana tsokanar barlum, a tura shi ajin da babu shi, amma sanayir ɗin ne kuma za su ba ka tsofaffin takardunsu su nuna maka wane littafi za ka fara da shi. Kana buƙatarsu kuwa, don mu sakandare da Larabci muka yi ta, ka zo nan lakca da Turanci daga ranar farko, ni ga Hausa a gida, harshe uku kenan a kai ɗaya, wata ukun farko da ƙamus nake kwana. Rayuwar harabar tana kan titi ɗaya ne da ake kira Shari'il Men, itatuwa sun rufe shi ta sama, da kuma wajen shan shayi na Nashaɗ. A nan ake rataye jaridun bango da aka rubuta da hannu cikin dare da alƙalami mai launi, 'yan Ittijahul Islami masu ra'ayin Musulunci suna da Akhir Lahza, 'yan Jabha Dimukraɗiyya masu ra'ayin gurguzu suna da Masa'ul Khair, ka tsaya da kofin shayi ka karanta wannan ka matsa ka karanta martanin wancan. Sai arkanun niƙash, wato kusurwar muhawara: mutum ya tsaya a ƙarƙashin itace ya fara magana, a yi masa zobe, ya gama a ba abokin hamayya dama ya zo ya warware duk abin da ya faɗa, a yi awa uku ana abu ɗaya. 'Yan Jamhuriyya almajiran Mahmud Muhammad Ɗaha, shi ma tsohon ɗan Gurdun ne, suna cikin waɗanda suka fi shahara da wannan. Ni ban yarda da ra'ayinsu ba ko kaɗan, amma a nan na koyi cewa ana iya sauraron mutum har ya kai aya sannan a ba shi amsa da hujja. Zaɓen ƙungiyar ɗalibai, Kosu, ƙasa gaba ɗaya take sa wa ido, sabida wanda ya ci a nan ana ganin alamar inda iska ta nufa.

Oktoban 1964 kuwa ko ba ka taɓa zuwa Sudan ba ka ji sunanta. Gwamnatin soja ta Janar Abbud ta hana taro kan matsalar Kudu, ɗalibai suka ce sai sun yi, daren 21 ga Oktoba suka taru a Barakis, 'yan sanda suka shigo, aka harbe Ahmad al-Ƙurashi ɗalibin kwalejin kimiyya. Washegari malamai da ɗalibai suka ɗauko gawarsa daga asibiti, gari ya biyo su, alƙalai da lauyoyi da likitoci suka shiga, aka tafi yajin aikin gama-gari, cikin 'yan kwanaki mulkin soja ya ruguje. Da muka zo bayan shekara 17 sanayir suna kai barlum su nuna masa wurin. Boren 1985 da ya kawar da mulkin soja na Numairi ranar 6 ga Afrilu kuwa da idona na gani, ina shekarar ƙarshe. Amma ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba. A 1968 rikici ya ɓarke a Ɗakin Jarrabawa kan wata rawar gargajiya da ake kira ajako, aka yi asarar ran ɗalibi, kuma tun daga nan rodi da sanda suka riƙa shiga inda ya kamata baki ya yi aiki. Harabar da ta haifi masu kawar da mulkin soja ita ce kuma ta haifi waɗanda suka ba soja shawara suka zauna masa minista, na hagu da na dama duka. Wannan yana min ciwo har yanzu.

Batun ji da kai, eh akwai shi, ba zan musa ba. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar gwamnati irin ta zamani, ƙasa guda tana zana shahada Sudaniyya, jarrabawar gama sakandare, a ɗebi 'yan ƙalilan na sama, shi ya sa aka yi mata laƙabi da jamila wa mustahila, kyakkyawar da samunta ya gagara. Wanda bai samu ba sai ya nufi reshen Jami'ar Alƙahira da ke Khartum, wanda ya zama Nilain, ko Jami'ar Musulunci ta Umdurman, ko ya fita waje. Wasu 'yan Khartum suka riƙa raina waɗannan, kuma kuskure ne babba, na yi aiki da malamai 'yan reshen Alƙahira da suka fi da yawanmu iya aji. Amma in ka ga tsoho ya yi shiru idonsa ya kawo ruwa don an ambaci Barakis, yawanci ba digirin yake tunawa ba. Ya tuna lokacin da ƙasarsa ta ɗauke shi daga ƙauye ba shi da ko takalmin kirki ta ciyar da shi shekara huɗu ko shida ta ce ya yi karatu kawai.

Wannan tsarin ya ƙare ne daga 1990, da abin da gwamnatin Bashir ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Aka buɗe jami'o'i a jihohi, aka ninka yawan ɗalibai, aka mai da koyarwa Larabci a yawancin kwalejoji, aka soke kwana da ci kyauta aka miƙa wa wani asusu na daban, daga baya aka shigo da karɓa ta kuɗi, malamai da yawa aka kore su ko suka fita Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na Khalij. Gaskiya guda biyu ce a nan kuma dole a faɗe su tare. Jami'o'in Sinnar da Gadarif da Kasala sun sa 'ya'yanmu, musamman mata da iyaye ba za su bari su je Khartum ba, sun samu digiri da yawan da ba mu taɓa mafarki ba. Amma an yi faɗaɗawar ba tare da kuɗi da littattafai da malamai ba, kuma cire dakhiliyya ya cire wa Khartum abin da ya bambanta ta. Ɗan talaka mai ƙoƙari ya koma tunanin kuɗin haya da na muwasalat, wato kuɗin mota, kafin na littafi.

Wuri ɗaya da nake so ka sani don ya shafe mu kai tsaye shine Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya, wadda aka kafa a 1972 ƙarƙashin Farfesa Yusuf Fadl Hasan. A nan aka tara kaset-kaset na waƙoƙi da tatsuniyoyi da tarihin baka na ƙabilun Sudan, a nan kuma Farfesa al-Amin Abu Manga, ɗan Mayirno, ya yi shekaru yana nazarin Hausa da Fulatanci kamar yadda muke yinsu a Sudan, yadda Larabci ke shiga bakinmu da abin da muke riƙe da shi. Ranar da na fara ganin maganar tsofaffinmu a rubuce a kan shiryayye a cikin jami'ar da aka ce ba tamu ba ce, na daɗe a tsaye.

Halin da ake ciki ka sani. Harabar tsakiya tana jingine da Ƙiyada, hedikwatar soja, shi ya sa zaman dirshan na masu zanga-zangar 2019 ya mamaye titunanta, shi ya sa kuma da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 ta zama fagen daga. An lalata, an wawashe, dabbobin gidan adana halittu na jami'ar suka mutu da yunwa da ƙishi don ba mai iya isa wurinsu. Sauran harabobin, ta likitanci, ta Shambat ta noma da dabbobi, ta ilimi a Umdurman, da asibitin Soba, kowacce ta ɗanɗana. Malamai suka watse, amma ba su saki ba, aka koma karatu ta intanet da cibiyoyin jarrabawa a wasu garuruwa har da ƙasashen waje, wasu suna duba takardun ɗalibai a ɗakin haya ɗaya da iyalansu. A watan Maris na 2025 soja suka karɓe tsakiyar Khartum.

Toh ko ka nema? Ni dai nace ka nema, amma da ido buɗe. Kai da takardar sakandaren Saudiyya za ka shiga, abin da ake kira shahada Arabiyya, ana yi mata mu'adala, wato daidaita ta da ta Sudan, kuma gasar tana da zafi a likitanci da injiniya, neman kuma ta ofishin karɓar ɗalibai na ma'aikatar ilimi mai zurfi ake yi ba ta jami'ar kai tsaye ba, don haka ka fara gyara raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, da fasfo da tantance takardarka tun yanzu, kar ka bari sai an buɗe. Ka tambayi ɗalibin da ke cikin kwalejin da kake so a wannan shekarar ina ake lakca, ina ake aikin gwaji, wa ke koyarwa, sabida kwaleji ta bambanta da kwaleji sosai a yanzu. Kar ka sa ran sufra da tasrih, sun tafi. Ka yi shawara da mahaifinka kan wurin zama kafin komai, kuma ka sa Sinnar ko Gadarif a zaɓi na biyu tunda muna da dangi a can.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo gidanku bayan la'asar, akwai hoto ɗaya da na samu na fito da shi daga Khartum a cikin jakar takarduna, mu huɗu 'yan ɗakin nan a barandar jan ginin ranar da muka gama jarrabawar ƙarshe. Ka ce wa mahaifiyarka ta haɗa mana gahawar jabana, ka kuma kawo takardunka in duba.